Na-Sani da Sifikun Suruka

A layinsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Na-Sani ake ce masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana tsakiya zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Ma'aikaci ne a sashen ajiye fayil na wani ofis, amma in ka ji shi da yamma a bencin mai aski, sai ka rantse shi ya koya wa wutar lantarki bin waya. Shi ya gyara fankar falonsu har ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗakin maimakon ta bayar. Shi ya gyara dutsen guga, wanda tun daga ranar in aka jona shi ƙararrawar ƙofa ke kaɗawa. Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, kuma ta daɗe da koyon ɓoye duk abin da ya lalace a gidan kafin idonsa ya kai kansa.

Ana nan sai matar Auta ta haihu. Auta ƙanen Malama ne, aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, ya daɗe bai zo gida ba. Mahaifiyarsu, Inna, kunnenta ya yi nauyi. Da aka kira a wayar hannu don ta ga jikanta, hoton ya yi mata ƙanƙanta, muryar kuma ko alama. Ta yi ta "Iye? Me ya ce?" har ta gaji, ta miƙa wa Malama wayar, ta juya tana share ido da gefen mayafi. Nan aka yi shawara ranar Asabar ta zo gidan Malama a kira ta kwamfuta, tunda allon ya fi girma.

Kwamfutar kuwa tana kan wani ɗan tebur a lungun falo, tsakanin taga da kabad. Teburin da in aka ɗora allo da madannai, kofin shayi sai dai a riƙe a hannu. A nan Malama take duba takardun ɗalibanta, rabi a kan tebur, rabi a kan cinya.

Na-Sani ya buga ƙirji ya ce, "Ku bar min maganar murya. Inna za ta ji Auta ta gaba, ta ji shi ta baya, ta hagu, ta dama. Sauti mai kewaye ake ce masa. Za ta ɗauka yaron nan a falon yake zaune."

Malama ta ce, "Maigida, kunne biyu gare ta, ɗayan ma ya yi ritaya. Ina za ta kai kewaye?"

"Ke dai ki tsaya a koyarwa."

"To don Allah 'yan ƙanana za ka sayo. Ka ga dai teburin."

"Ai na sani."

Ta miƙa masa abin awo, ya ture. Ya dubi teburin da ido ɗaya, ya ɗan karkata kai, ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce awon ya riga ya shiga nan.

A shagon kayan lantarki ya tarar da mai shagon, wani mai zaƙin baki da ke iya gane mai son yabo tun daga bakin ƙofa. Na-Sani ya shiga hannu a baya, yana ƙwanƙwasa sifikun mutane ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne, kamar mai zaɓen kankana.

"Ranka ya daɗe, na ɗaki kake so ko na tebur?"

"Na tebur. Masu kewaye."

Mai shago ya sauko da wasu 'yan ƙanana, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, ya ce su ake yayi a kan teburin kwamfuta, ba sa cin wuri. Har Na-Sani ya kai hannu, sai ya lura da wata mata mai jaka tana tsaye a gefe tana jiran canjin batir, tana kallonsa. Ya janye hannun.

"Waɗannan ai na yara ne."

"Teburin naka kamar yaya yake?"

Na-Sani ya ware hannuwa daidai faɗin teburin. Ya saci kallon matar, ya ƙara warewa. Mai shago ya ce, "Kai, tebur ne babba," sai ya ƙara warewa har maɓallin rigarsa ya yi ƙara.

"Ashe da injiniya nake magana," in ji mai shago. "Ka yafe ni. Ba waɗannan ne naka ba."

Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa kiransa injiniya ba da zolaya ba. Daga nan ko tukunya aka ce masa sifika ce zai saya. Aka jawo wani kwali daga can ciki, mutum biyu na turawa. Sifiku biyar ne, kowace ta kai tsayin kwalbar ruwa babba, sai ta shida, wata ƙatuwa baƙa mai rugugi da ake ajiyewa a ƙasa, wadda mai shago ya ce sunanta wufa.

"Ita wannan ba da kunne ake jinta ba, Injiniya, da ciki ake jinta."

"Ai na sani. Ga su dai ƙanana daidai misali."

Motar haya ta sauke shi a ƙofar gida, kwalin ya leƙo ta but ɗin bayan motar an ɗaure da igiya. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai.

"Na-Sani, firji ka sake?"

"Ranar Asabar za ka ji."

"Zan gani dai."

"Na ce za ka ji."

Malama ta tsaya a tsakar falo ta dubi kwalin, ta dubi teburin, ta sake duban kwalin. "Maigida, teburin za a saka a cikin kwalin, ko yaya?"

Ya kwashe takardun ɗalibanta ya jibge a kan kujera, ya kafa sifika ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowace rabin gindinta a iska. Ta tsakiya ta rasa wurin zama, ya dasa ta a gaban allo. Madannai suka koma kan cinyarsa. Linzamin kwamfutar ya rasa inda zai taka, ya sauka yana lilo a jikin wayarsa.

"Ta rufe rabin allon," in ji Malama.

"Rabin da ya rage ya isa. Mutum nawa ne Auta?"

Sai wufa. Ya tura ta ƙarƙashin tebur, ta ƙi shiga, wani katako da ya haɗe ƙafafun teburin ya tokare ta. Na-Sani ya kwanta rigingine ya leƙa, ya ce kafintan da ya yi teburin nan bai san aikinsa ba, ya sa katako inda ba a bukata. Ya ɗauko guduma ya ɓalle shi. Wufa ta shige, teburin ya ɗan yi rangaji ya tsaya.

"Ka ga yana rawa."

"Sabawa yake yi."

Saura biyun baya, waɗanda takardar cikin kwalin ta nuna a rataye a bango bayan mai sauraro. Takardar ma hotonta kawai ya kalla ya jefar. Bangon bayan kuwa shi ya raba falonsu da ɗakin kwanan maƙwabcinsu, wani direban babbar mota da ke dawowa daga doguwar tafiya ya kwana da rana. Na-Sani ya aro injin huda bango, ya hau kujera, ya danna da dukan ƙarfinsa. Injin ya yi gurnani, ya yi gurnani, sai ya wuce zuruf kamar an soka cokali a man shanu. Ya zare, ya kara ido a ramin don ya ga zurfinsa. Daga can ɓangaren wani jan ido yana kallonsa.

Ba a jima ba aka buga ƙofa. Direba ne, daga shi sai singileti, gashin kansa fari fat da garin siminti.

"Maƙwabci, lafiya? Ina barci na ji ana tono ni."

"Ɗan gyara ne. Bangon naku ne ba shi da kauri."

"Namu? Daga wajenka naka ne, daga wajena nawa ne?"

"Ai ƙaramin rami ne."

"Ƙarami ne, amma ta cikinsa na ga Malama ta ɗora hannu a ka. In taga kake son yi mana, ka bari in farka mu yi shawarar labule."

Aka toshe ramin da takarda da sabulu, aka ba Direba haƙuri. Bango dai ya haramta. Na-Sani ya ɗora sifika ɗaya a saman kabad, tsakanin akwatuna. Ɗayar ya yi ta yawo da ita a falo kamar mai neman wa kaza wurin kwanci, daga ƙarshe ya cusa ta tsakanin ƙarafan taga, bayan labule. Wayar gajera ce, ba ta isa sai an juya bayan sifikar ciki, fuskarta na kallon titi.

"Maigida, wannan ai mutanen waje take wa magana."

"Sauti ba ya tafiya a miƙe, Malama. Zagayowa yake. Shi ya sa ake ce masa mai kewaye."

Wayoyi suka cika falon, wata ta bi ƙarƙashin darduma, wata ta haye saman ƙofa, wata ta ratsa tsakiya daidai ƙwauri, an manne ta da salatif. A bayan wufa akwai ramuka masu launi daban daban, kowace waya da nata. Na-Sani ya ce launi ado ne kawai, ya soka kowace inda hannunsa ya fara kaiwa. Da ya gwada da waƙa, mai kiɗan ya fito daga dama, mawaƙin ya fito daga saman kabad can ƙasa ƙasa kamar an kulle shi a akwati. Ya ce sababbi ne, sai sun yi ɗumi.

Ranar Asabar da la'asar Inna ta iso, ta sha kwalliya kamar mai zuwa tarbar baƙo a tasha. Na-Sani ya durƙusa ya gaishe ta, ya riƙe mata labule, ya ɗaga mata ƙafa a kan waya ta farko, ya ɗaga mata a kan ta biyu. Ta zauna a kujerar da ya kafa mata a tsakiyar falo, ta dubi baƙaƙen akwatunan da suka kewaye ta.

"Waɗannan duk na mene ne, ɗan nan?"

Ya ɗaga murya, "Na jin magana ne, Inna!"

"Na jinya? Wa ba shi da lafiya?"

Malama ta danna kira, ta shiga kicin haɗo shayi. Allo ya yi haske. Ga goshin Auta da girarsa, sauran fuskar tana bayan sifikar tsakiya. Girar ta motsa, alamar yana magana, sai muryarsa ta fito siririya daga saman kabad. Inna ta waiga da sauri.

"Auta? Me kake yi a can sama?"

"Ga shi nan a gaba, Inna!" in ji Na-Sani yana nuna allo.

"Wannan ai goshi ne. Ina sauran yaron?"

Kafin a ba ta amsa, muryarta ta tafi can ƙasar su Auta ta dawo ta sifikar hagu, "Ina sauran yaron, sauran yaron." Inna ta haɗe rai ta juya hagu.

"Wace tsohuwa ce wannan take kwaikwayona?"

"Ke ce, Inna."

"Ni ce me? Ni ban da irin wannan muryar."

Auta ya ci gaba da magana, Inna ta kara tafin hannu a kunne ta ce ba ta ji. Na-Sani ya murɗa makunnin ƙara. Ba ta ji. Ya ƙara. A cikin falo muryar ta ɗan tashi kaɗan, don haka ya murɗe shi har ƙarshe. Abin da bai sani ba, duk ƙarfin ya tattara ne a sifikar taga. Labule mai kauri ya tare shi daga ciki, titi kuwa ya samu rabonsa cif.

Masu zaman bencin mai aski suna cikin hira sai suka ji wata murya ta cika layin daga tagar Na-Sani: "Alhamdu lillahi, namiji ne! Uwa da ɗa duk suna lafiya!" Ba su gama duban juna ba, matar Auta ta kawo jaririn gaban kyamara, shi kuma ya buɗe baki ya tsala kuka. Kukan ya daki bangon gidan da ke fuskantarsu ya dawo. Tattabarun kan rufi suka watse.

Wadda ta fara isowa ita ce Nas, ma'aikaciyar jinya da ke gida na uku, da jakar aikinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na mijinta. Ta banko ƙofa, waya ta harɗe ta, ta dafe bango.

"Ina mai jegon? Wa ya yanke cibiya? Me ya sa ba a kira ni ba?"

Daidai nan Malama ta fito daga kicin da faranti da kofuna. Nas ta yi kanta.

"Malama! Kin tashi har kina dafa shayi? Zauna! Ajiye farantin nan ki zauna!"

"Ni? Me na yi?"

Mai aski ya shigo, bayansa mutumin da yake wa aski da ƙyalle a wuya, bayansu matan layi, har da Direba yana murza ido. Mai aski ya kama hannun Na-Sani da hannu biyu yana girgizawa.

"Barka, barka! Ashe abin da ka ce za mu ji ke nan! Kai, mutumin nan ka iya ɓoye magana. Kullum muna tare a benci, ko da wasa!"

Wata daga cikin matan ta ce, "Ni fa na ga ta ɗan yi ƙiba kwanan nan, na yi shiru ne kawai."

Malama ta ajiye faranti ta riƙe ƙugu. "Ƙiba kuma? A shekarun nan nawa, da 'yata a jami'a? Ku dubi allo, jama'a, ɗan Auta ne!"

Aka dubi allo, ba a ga komai ba sai saman hular jariri.

Na-Sani ya ce kowa ya kwantar da hankali, ƙaramin abu ne, ya san inda matsalar take. Ya tsugunna ya lalubi bayan wufa don ya rage ƙara, ya kama wani makunni ya murɗa. Na rugugi ne. Jaririn ya ja numfashi ya sake sabon kuka, wufa ta karɓa ta mai da shi gurnanin babbar mota a kan gada. Gilashin taga ya hau kaɗawa. Kofuna suka fara tafiya a kan faranti. Inna ta dafe ciki ta ce, "Wannan kam na ji shi."

Teburin, da ba shi da katakon da ke riƙe ƙafafunsa, ya fara buɗa su a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Sifikar dama ta faɗi, ta ja wayar saman ƙofa, wayar ta fizgo ta kan kabad, ta sauko da akwati ɗaya a bayanta. Direba ya yi tsalle gefe. Malama ta yi wuf ta rungume allon kafin ya kai ƙasa. Teburin ya baje a kan wufa, rugugin ya ɗauke ɗif. Na-Sani na tsugune a tsakiyar tarkacen, makunnin da ya ɓalle yana hannunsa.

Sifika ɗaya ce ta tsira, ta taga, wadda ta zame ta faɗa waje tana reto a jikin wayarta. Ta cikinta muryar Auta ta fito tas, babu amsa kuwwa, babu gurnani, kowa a ciki da waje yana ji.

"Yaya? Yaya, kuna lafiya? Na ga silin yana juyawa. Ba dai maigidanki kika bari ya taɓa kayan ba? Ai na ce miki ki aike shi wani wuri tun da safe!"

Mai aski ne ya fara dariya, ya toshe baki da hannu abin ya ƙi toshuwa. Nas ta zauna a hannun kujera tana dariya har da hawaye. Daga titi ma ana jiyo masu tayawa. Na-Sani ya buɗe baki, ya duba ko'ina a cikin kansa, bai samu abin da ya sani ba, ya rufe.

Inna kuwa ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tsaye, ta nufi taga, ta yaye labule.

"Muryar Auta ce wannan. Ku matso min da kujera nan."

Direba ya ɗauko kujerar ya ajiye a jikin taga. Wani daga waje ya ɗago sifikar ya riƙe mata daidai ƙarafan, saitin kunnenta mai aiki. Malama ta durƙusa a gabanta rungume da allon, yanzu babu abin da ya tare shi. Ga Auta da fuskarsa gaba ɗaya, ga matarsa, ga jaririn ya yi shiru yana tsotsar hannu.

"Inna, kina jina?"

"Ina jinka, ɗan albarka. Ka rame. Matso min da shi in gani."

Ta kai yatsa ta shafi kumatun jaririn a jikin gilashi. Ta ce hancin na kakansa ne, kunnen kuma Allah ya sa ba nata ba ne. Ta tambayi abin da mai jego take ci, ta yi faɗa a kan cewa rigar da aka sa wa yaron ba ta da kauri, ta sa Auta ya yi alkawarin zuwa. Duk layin na tsaye suna saurare, in ta yi addu'a su amsa da amin, har na bakin titi. Hannun Malama ya gaji, Nas ta karɓi allon, daga ita sai mai aski.

Da aka gama, mutane suka watse suna ta maimaita maganar Auta. Na-Sani ya raka Inna bakin mota, kansa a ƙasa, yana riƙe da jakarta. Ta shiga ta zauna, ta yafito shi da hannu, ya sunkuyo.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Rabon da in ji muryar yaron nan haka tun yana gabana."

Na-Sani ya ji wuyansa ya fara miƙewa.

"Amma in za a sake kira," in ji Inna, "ka zo ka ɗauke ni, ka kawo ni, sannan ka wuce wajen aski."

Da yamma aka gan shi a bencin, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba waɗanda ba su nan labari. Ya faɗa musu yadda surukarsa ta sa masa albarka da bakinta, kalma bayan kalma, har inda ta ce tun yana gabana. Daga nan ya yi tari, ya tambayi mai aski ko ya san kafinta mai sauƙin kai.